Kamarar Shef Zakari ta Bakin Gudron

A shekarun da ƴan tawaye suka sake hawa duwatsu, lokacin da mota ba ta barin Arlit zuwa Agadas sai da rakiyar soja, garin ya cika da baƙi maƙil. Ana ta maganar sababbin ramukan uraniyom, ana cewa yau ko gobe za a buɗe babban ramin Imouraren, kowa ya ɗaure ƙunshinsa ya taho neman aiki. Cikin masu tahowar har da wani Ba'adare daga ƙasar Tawa, sunansa Zakariya'u. Shi da bakinsa yake ba da labarin nan in an zauna shan shayi, sai dai yakan tsallake wasu wurare, maƙwabta su cike masa.

Aikin da Zakariya'u ya samu shi ne gadi a ƙofar wani ƙaramin kamfani mai kai wa ma'aikatan rami abinci. Aka ba shi usur da riga ruwan lemo mai ɗaukar ido. Sati bakwai ya yi. Ran da aka sallame shi, da safe ya buɗe wa wani raƙumi ƙofa ya shiga ya cinye rabin buhun albasa, da hantsi kuma ya hana mai kamfanin shiga don ya manta katinsa a gida, ya bar shi tsaye a rana har azahar. Da aka tambaye shi dalili sai ya ce raƙumi ba a taɓa ba shi kati ba, saboda haka ba za a ce ya manta ba. Aka karɓi mabuɗi, aka manta da rigar da usur ɗin. Tun daga ranar ya zama Shef Zakari, wato shugaba da Faransanci, masanin tsaro, kuma shi ya naɗa kansa.

Gidan da yake haya yana bakin gudron, kwaltar da ta fito daga tasha ta bi ta gaban masallacin unguwa. Matarsa Siddiƙa, ƴar Damagaram, ita ke riƙe da gidan. Tana da rumfa a ƙofar gida inda take sayar da shinkafa da wake da miyar nama, direbobin manyan motoci su ne masu cinikinta. Shi kuwa aikinsa zama a benci da riga ruwan lemo, yana gaya wa masu cin abinci yadda Turawa suke tsare wuri.

Da baƙi suka yi yawa, ƴan sace-sace suka yi yawa. Ɓarayin Arlit ba sa wahalar da kansu, tsakar rana suke aiki, lokacin da zafi ya kwantar da kowa har karnuka. Aka ɗauke butocin masallaci. Aka kwance akuyar Dassin, wata dattijuwa Ba'abziniya mai sayar da cuku, wadda katangarta ke jingine da tasu. Zakariya'u ya ce duk rashin ilimin tsaro ne. Ya yi ta damun Akoli, wani direba mai zuwa Tamanrasat wanda kullum a rumfar Siddiƙa yake cin abinci, har Akoli ya gaji ya kawo masa kwali: kamara ɗaya, da akwatin da ke ajiye hoto, da doguwar waya, da takardar bayani cikin rubutun da duk unguwar babu mai iya karantawa.

Bayan sallar la'asar Zakariya'u ya tsaya a ƙofar masallaci ya ɗaga kamarar sama.

"Jama'a, sata ta ƙare unguwag ga. Na kawo muku ido wanda ba shi barci, ba shi ƙiftawa, ba shi tashi zuwa salla."

Mai unguwa Ghissa, tsoho mai sanyin magana, ya dube shi ta saman rawaninsa. "Wanda ba ya zuwa salla za mu ba amanar unguwa, Malam Zakari?"

"Na'ura ce, ranka shi daɗe. An ɗauke mata."

"To a ina za ka sa ta?"

"Bakin gudron. In na kafa turke nan, tun daga tasha har kwanar masallaci duk tana gani."

"Wurin nan ba naka ba ne, filin hanya ne. Ka je meri ka tambaya?" Yana nufin ma'aikatar magajin gari.

"Filin hanya na wa ne?"

"Na kowa ne."

"To ni ba cikin kowa nike ba?"

Ghissa ya gyara rawani ya ƙyale shi. Sauran jama'a ma ba wanda ya ce a'a, don kowa yana son a kama ɓarawo, kuma kowa ya ɗauka maƙwabcinsa kamarar za ta riƙa kallo.

Washegari da safe Zakariya'u ya fito da diga da wani dogon ƙarfe da ya samo wajen masu gwangwan. Ya auna wuri da taku, ya rufe ido ɗaya ya hangi tasha, ya ja layi da ƙafa, ya fara haƙa. Da rami ya kai gwiwa sai diga ta ce ƙwal.

"Kun ji?" in ji shi ga masu kallo. "Ƙasar Arlit duk arziki ce. Kila uraniyom na taɓo."

Ya tofa yawu a hannu ya ƙara sara da ƙarfinsa duka. Ruwa ya yi tsiri ya shige masa hanci, ya tuge masa hula. Bututun da ke ba unguwa ruwa ne ya fasa. Kafin ya gama tari mata sun fito da bido, wato jarka, da bokiti da tukwane, awaki sun cika wurin, direbobi sun fara wanke mota. Rabin yini unguwa ta yi kamar bakin gulbi. Daga nan aka rufe ruwan don gyara, aka kwana huɗu famfo bai ɗiga ba, mata suna zuwa unguwar gaba da bido a ka, duk wadda ta wuce sai ta gaishe shi da gaisuwar da ba ya amsawa.

"Ku gode Allah," in ji shi. "Da ban haƙa ba, wa ya san bututun na kusa haka? Ɓarawo na iya sace shi."

Dassin ta sauke bidonta ta huta. Hausarta ta kasuwa ce, ba ta damu da namiji ko mace a magana ba, amma tana isa inda ta aike ta. "Shekara ashirin bututu yana kwance lafiya. Ba wanda ya taɓa shi sai mai tsaro."

Ya matsa taku biyu ya sake haƙa rami, wannan karon da cokalin gini, a hankali. Turke ya tsaya daidai gefen rumfar Siddiƙa. Ya hau tsani ya ɗaura kamara, ya ja waya ta saman katanga har ɗaki, ya haɗa da talabijin ɗin da Siddiƙa ke kallon finafinan Kano. Hoto ya fito tas, sai dai motoci suna tafiya ƙafafu sama, jaki yana rataye kamar jemage.

"Haka take zuwa," in ji Zakariya'u. "Ta Turai ce, su can ƙasan duniya suke ganinmu."

Maimakon ya juya kamara sai ya kifa talabijin. Siddiƙa ta zo kallon fim da yamma ta tarar ƴan wasa suna rawa da ka. Ta miƙar da talabijin. Ya dawo ya kifa. Suka yi kwana biyu a haka, har Akoli ya ji tausayin talabijin ɗin ya hau tsani ya juya kamarar. Garin juyawa ƙusa ɗaya ta faɗi cikin yashi ta ɓace, Zakariya'u ya ce ba komai, ya yanko robar tsohuwar taya ya ɗaure.

Ranar Arlit ba ta raga wa roba. Kullum sai ta ɗan saki, kamara ta ɗan sunkuya ta karkata hagu. Ta bar tasha, ta bar gudron, ta bi ta kan katanga, ran nan sai ga tsakar gidan Dassin a talabijin. Wasu mata biyu da suka shigo barka da gajiya wurin Siddiƙa suka ga tsohuwa zaune kan tabarma babu ɗankwali, lalle dam a kanta, tana yi wa akuya faɗa da yatsa. Kafin la'asar labari ya gama unguwa.

Dassin ta fito da taɓarya a hannu ta tsaya gaban benci.

"Zakari, kai ne ka sa ni cikin tele?"

"Inna, ba ni na sa ki ba. Na'ura ce ka aikinta."

"Na'ura shi ne mijina? Mijina ma, Allah ya jiƙan shi, sai ya yi gyaran murya kafin ya shigo."

"Don tsaronki ne, Inna. In ɓarawo ya shigo..."

"Ɓarawo ya ɗauki akuya ɗaya ya tafi abinsa. Kai kullum kana cikin gidana, ba ka sallama, ba ka tafiya."

"Gobe in gyara."

"Gobe," in ji ta, ta dubi taɓaryar ta dube shi. Ya ce yana da wani aiki a ɗaki, ya shige.

Ba ta doke kowa ba. Ta ɗauko tsohuwar ƙwarya ta ɗora a kan taɓarya, ta miƙa sama ta kife kamarar da ita, ta koma gida. Zakariya'u yana zaune gaban talabijin sai ya ga duhu ya rufe hoto baki ɗaya. Ya buga talabijin, ya girgiza waya, duhu dai. Nan take ya gane abin da ya faru, don shi masani ne: duk mai son kai hari, idon tsaro yake fara kashewa. Ya zari usur ya fito da gudu yana busawa yana cewa an kawo hari.

A wancan zamanin ba a wasa da wannan kalma. Masu kanti suka ja ƙofofi. Mai shayi ya bar tukunya a wuta ya tsallake katanga. Wani direba mai ƙiba ya shige ƙarƙashin motarsa, daga baya sai da mutum uku suka jawo shi ta ƙafa. Mata suna kiran sunayen ƴaƴansu. Da aka ɗauki lokaci ba a ji harbi ba, Ghissa ya fito yana dogara sanda ya tarar da Zakariya'u a tsakiyar gudron, kumatu sun kumbura da busa.

"Ta ina suka shigo?"

"Ban gan su ba, ranka shi daɗe. Sun makantar da na'ura tukuna. Haka ƙwararru ka yi."

Ghissa ya ɗaga sanda ya nuna saman turke. Kowa ya ɗaga kai. Ƙwarya ce, har da ɗinkin zare a gefe inda ta taɓa tsagewa.

"In kun gama a maido mini abina," in ji Dassin daga ƙofarta. "Da shi nake ba akuya dusa."

Duk wannan bai dami Siddiƙa kamar abin da ya sami rumfarta ba. Tun da aka kafa turke masu cin abinci suka fara raguwa. Direbobin da ke cika benci biyu suka koma ci a tasha. Ta tare Akoli ta tambaye shi ko gishiri ne ya yi yawa.

"Uwar gida, abincinki yana nan yadda yake," in ji Akoli. "Amma wani direban, man da ke tankinsa bai bi ta gaban duwan, masu kwastan, ba. Wani ya ce wa matarsa yana Imouraren tun sati biyu. Wani kuma da hannu biyu yake cin abinci, ba ya son a ajiye hotonsa. Ni ma don ni na kawo abin ne nake jin kunyar gudu."

Ta sami mijinta a benci. "Baban Rukayya, kwana biyar ke nan tukunyata tana komawa cikin gida da nauyinta. Shinkafa da wake muke ci safe da rana da yamma, har yarinya ta fara kuka in ta ga faranti. Daga tukunyar nan muke ci, daga ita muke zama cikin gidan nan. Ka cire ƙarfen nan."

"Matsalar rashin bayani ce," in ji shi. "Bari ki gani."

Ya samo kwali ya rubuta da gawayi, ya rataya a jikin turke: A CI ABINCI CIKIN GASKIYA, ANA KALLO. Mutum biyun da suka rage suka karanta, suka wanke hannu, ba su sake dawowa ba.

Ba a san wanda ya kai ƙara ba, ko da yake an ga Siddiƙa da Dassin sun yafa mayafi sun fita tare ran Litinin. Ran Talata sai ga wani ma'aikacin meri a kan babur, siriri mai furfura a gemu, da katon littafi da igiyar awo. Sunansa Fatahu. Ya auna daga tsakiyar gudron zuwa turke, ya rubuta, ya sake aunawa.

"Na wa ne wannan?"

"Nawa ne, Mushe," in ji Zakariya'u, yana ce masa malam da Faransanci. "Shef Zakari, tsaro."

"Yana cikin filin hanya da taku shida. Ina takardar izni?"

"Aikin taimakon jama'a ne."

"Jama'ar ce ta aiko ni." Fatahu ya buɗe littafi yana bin layi da yatsa. "Ina da layin rumfa. Ina da layin teburin mai shayi, da allon talla, da turken dabba. Abin nan yana sayar da wani abu?"

"A'a."

"Yana cin ciyawa?"

"A'a."

"To me yake yi?"

"Kallo."

Fatahu ya juya shafi gaba, ya juya baya. "Babu layin kallo a littafina."

"Ka gani? Abin da babu cikin littafi ba a hana shi ba."

"Ba a kuma yarda da shi ba." Ya rufe littafin ya dubi gudron. "Ayarin soja yana bi ta nan?"

"Kullum. Nan gabanmu suka wucewa."

"Kuma abin naka yana ɗauka?"

"Mushe, ko ƙuda ya gitta sai ta..." Zakariya'u ya tsaya. Ya tuna irin shekarar da ake ciki, ya tuna inda ake kai mai ɗaukar hoton motocin soja. "Wato ba sosai take gani ba. Abu mai launin kore ma sam ba ta kama shi. Kuma yawanci gidan tsohuwa take kallo."

Fatahu ya ce tun da littafi bai san abin ba, sai unguwa ta zauna ta yanke. Ran Juma'a bayan la'asar a taru a gindin turken, a fito da abin da na'ura ta ɗauka kowa ya gani. In tana da amfani a san yadda za a yi da ita, in babu a tuge.

Ran Laraba da tsakar rana aka cire batirin motar Akoli, tana tsaye ɗan nesa kaɗan da turke. Da Zakariya'u ya ji labari sai ya daka tsalle.

"Alhamdu lillahi, an yi sata."

"Me ka ce?" in ji Akoli.

"Ina nufin ta faɗo daidai. Jiya na gyara ta, gudron take kallo. Ran Juma'a in nuna muku fuskar ɓarawo, har tsagen da ke kumatunai."

Ya bi gida gida yana gayyata. Ya sa aka wanke masa rigar ruwan lemo. Abu ɗaya ne bai gaya wa kowa ba: tun da ya haɗa na'urar bai taɓa ganin abin da ta ajiye ba, don bai san maɓallin da ake dannawa a koma baya ba. Abin da ke faruwa a lokacin kaɗai yake kallo.

Ran Juma'a aka fito da talabijin aka ɗora a kan teburin Siddiƙa. Unguwa ta taru, maza a gaba, mata a gefe, har waɗanda suka gudu tasha sun dawo kallo. Zakariya'u ya yi jawabi mai tsawo a kan yadda ake tsaro a ƙasashen da suka ci gaba, sannan ya danna wani maɓalli, talabijin ta mutu. Ya danna wani, ta kawo da rubutun da ba a iya karantawa. Fatahu ya miƙa hannu ya karɓi abin dannawar, ya mai da hoto baya.

Aka fara da motoci ƙafafu sama. Aka wuce. Sai ga mai unguwa Ghissa da sassafe, yana waige-waige, yana cika baro da yashin gefen hanya yana turawa gidansa. Jama'a suka kwashe da dariya.

"Gyaran hanya nake yi," in ji Ghissa. "Yashin ya yi yawa a wurin."

Sai ga mai shayi yana ɗauraye kofuna da ruwan da ya wanke ƙafa. Sai ga wata mata tana juye shara a ƙofar maƙwabciyarta, maƙwabciyar kuwa tana tsaye kusa da ita a cikin taron. Sai ga wani babur ya tsaya, wani siririn mutum mai furfura a gemu ya sauka ya kwanta a inuwar rumfa da littafi a kan fuska, a lokacin da ya kamata a ce yana biro, wato ofis. Fatahu ya danna maɓalli, hoton ya wuce da gudu. Dariya ta fara raguwa, don kowa ya soma lissafin ranakun da ya bi ta wurin da abin da ya yi.

Sai ga rumfar Siddiƙa da azahar, ta shiga gida salla. Riga ruwan lemo ta ɓullo daga gefe. Mai rigar ya duba gabas ya duba yamma, ya ɗaga murfin tukunya, ya tsamo tsoka ya jefa a baki, zafi ya sa shi rawa da ƙafa ɗaya. Ya tsamo ta biyu ya sa a aljihu.

"Wata biyu ina jifan magen Inna Dassin da takalmi," in ji Siddiƙa a hankali.

"Binciken lafiyar abinci ne," in ji Zakariya'u. "Mushe, a wuce zuwa Laraba."

Aka zo Laraba. Ga gudron fes, ga motar Akoli a tsaye, ba kowa a waje. Jama'a suka matso. Sai kan tsani ya bayyana ya jingina. Sai hula ta taso daga ƙasa, sai goshi, sai hanci ya cika talabijin daga wannan gefe zuwa wancan. Zakariya'u ne ya hau share gilashi. Ya hura masa iska, ya goge da hula. Da ya ga inuwarsa a ciki sai ya tsaya. Ya gyara gashin baki. Ya buɗe baki ya duba haƙora. Ya ɗaure fuska ya sara irin ta soja, bai gamsu ba, ya sake. Daga nan ya fara magana, ba a jin sauti, amma duk wanda ya ji jawabinsa na ɗazu ya gane shi yake gwadawa, har da ɗaga yatsa.

A ɗan wurin da ya rage tsakanin kunnensa na dama da bakin talabijin ana hango ƙasan motar Akoli. Sai ga ƙafafu biyu sun zo sun tsaya. Suka durƙusa. Hannu ya shiga ya fito.

"Ga shi nan," in ji wani.

Ƙafafun suka miƙe da batir. Kan mutumin yana daidai bayan kunnen Zakariya'u. In ɓarawo ya matsa, kunne ya matsa, kamar sun haɗa baki.

"Kauce, Zakari," in ji Akoli yana yi wa talabijin magana. "Don Allah ka ɗan kauce."

Zakariya'u na gaske, da ke tsaye gefen tebur, ya matsa taku ɗaya. Na cikin talabijin ya ƙara sarawa. Sa'ad da ya gama ya sauka, gudron ya sake bayyana fes, babu kowa, murfin batir yana lilo.



"Amma an ga takalminai," in ji Zakariya'u. "Silifa ne shuɗi. Wannan babbar shaida ce."

Kowa ya dubi ƙasa. Rabin taron silifa shuɗi ne a ƙafarsu. Mai shayi ya ja ƙafarsa ƙarƙashin benci. Zakariya'u ya dubi tasa ƙafar, ya ga shuɗi, bai ƙara magana a kan takalmi ba.

Dassin ce ta fara dariya, irin ta tsofaffi mai haɗe da tari, daga nan taron ya ɓarke har direba mai ƙiba yana riƙe ciki. Akoli kaɗai bai yi ba.

Da aka lafa Fatahu ya yage farar takarda daga bayan littafinsa ya ce unguwa ta faɗi abin da ta yarda da shi. Abin mamaki, mutanen da ba su taɓa haɗuwa a kan ranar share kwata ba, nan take bakinsu ya zo ɗaya. Ghissa ya ce kada a sake kafa kamara a filin hanya, mai so ya manna a jikin katangarsa, kuma ya sanar da mai unguwa da maƙwabta tukuna. Dassin ta ce ta kalli ƙofar mai ita kaɗai, kada ta leƙa katangar kowa. Fatahu da kansa ya ƙara cewa kada ta kalli gudron, kuma a goge abin da wannan ta riga ta ɗauka, yau, a gaban jama'a. Ba a taɓa jin amin mai ƙarfi irin ta wannan layin ba. Akoli ya ce a rubuta cewa mai ita kada ya tsaya gabanta. Fatahu ya ce wannan ba ya buƙatar doka a wajen sauran mutane.

Zakariya'u ya matso ya rage murya. "Mushe, tun da ni na kawo ci gaban ga, ya kamata sunana shi fito cikin takarda."

Fatahu ya yi tunani, ya rubuta a can sama: Dalilin wannan takarda, Malam Zakariya'u. Ghissa ya buga hatiminsa.

Kafin magariba an tuge turke, Akoli ya jefa shi bayan mota ya ce ko banza ya rage zafin asarar batir. Aka manna kamara a saman ƙofar gidan Zakariya'u tana kallon dokin ƙofa, kamar yadda takarda ta ce. Siddiƙa ta ce tun da talabijin ta riga ta fito rumfa, a bar mata ita nan, masu cin abinci su riƙa kallon fim. Direbobi suka dawo, benci biyu suka cika har aka ƙara na uku. Sai dai ta sa Fatahu ya nuna mata maɓallan, ta kuwa riƙe su tsaf. In fim ya ƙare sai ta danna ta ga wanda ya fita daga gida, da lokacin da ya fita, da abin da ke hannunsa.

Bayan sati biyu Zakariya'u ya sami Fatahu a biro, ya zauna ya cire hula.

"Mushe, takardar nan akwai gyara. Ba a sa layin da ka kare maigida ba."

Fatahu ya ɗauko igiyar awonsa ya juya ta a hannu. "Daga tsakiyar gudron zuwa bakin ƙofarka, nan ne iyakata. Daga ƙofa zuwa ciki wata hukuma ce, kuma ba ta karɓar takarda daga wurinmu."

Har yanzu in baƙo ya zauna shan shayi a unguwar ya hangi abin a saman ƙofa, yakan tambaya ko tana aiki. Zakariya'u yakan gyara zaman rigarsa, wadda yanzu ta koɗe ta koma ruwan ƙasa.

"Tana aiki hwa. Tun da anka maido ta nan, ba ranar da ba ta kama mutum ba."

"Ɓarayi ne da yawa haka?"

"Mutum guda ne," in ji shi. "Amma ba shi jin magana."

Ran da ya faɗi haka na ƙarshe, bai kai ga kurɓar kofi na biyu ba sai murya ta taso daga rumfa: "Baban Rukayya, na ga fitarka, ban ga bido a hannunka ba." Ya ajiye kofin, ya ce wa baƙon ana nemansa a wani aikin tsaro, ya tafi ɗebo ruwa.